Ƙanƙarar Ruwenzori da Jigawar Maraɗi

Manomin Agye a jihar Maraɗi da ke shuka hatsi a jigawa yana taka abin da zamanin ƙanƙara ya bar masa gado. Hujjar wannan magana tana kan duwatsun Ruwenzori, a iyakar Yuganda da Kwango, inda ƙololuwar Margherita ta kai mita 5,109. Ko da yake duwatsun na dab da layin da ya raba duniya biyu, tsawonsu ya sa dusar ƙanƙarar da ke zuba ba ta narkewa duka. Takan taru shekara bisa shekara, ta danne, ta zama daskararren kogi mai gangarowa a hankali yana niƙe dutse, yana jibge tsakuwa a inda ya tsaya. Da waɗannan jibge-jibgen ne masana suka gane cewa kimanin shekaru 20,000 da suka wuce ƙanƙarar ta sauko har cikin kwaruruwan da a yau kurmi ne.

A ƙasar Hausa, sanyin wancan zamani bai zo mana da dusar ƙanƙara ba, fari ya kawo. Tekun Atlantika ya yi sanyi, damina ta ja baya, tafkin Cadi ya ƙafe, hamada ta gangaro kudu da ɗaruruwan kilomita, iskar arewa maso gabas ta tara rairayi tudu-tudu. A 1958 masanin ƙasa A. T. Grove ya bayyana waɗannan tsofaffin tuddai na ƙasar Hausa. Su ne jigawar da ake noman hatsi da wake da aya a kanta daga Gazawa zuwa Gidan Rumji. Amma ba fari kaɗai ƙasar ta gani ba: duk wanda ya tsaya a Gulbin Kaba ya ga faɗin kwarin da goruba ta cika, ya san ruwan da ya haƙa shi ya fi na yau nesa ba kusa ba.

Wani zai ce ai yanzu narkewa ƙanƙarar ke yi, dutsen Kilimanjaro ma ya rasa fiye da kashi 80 cikin ɗari na tasa tun daga 1912, don haka babu abin tsoro. A ganina wannan kuskure ne. Rairayin yana nan, saiwar gawo da kalgo da sabara ce ke riƙe da shi, kuma fari da gatari sun isa su sake shi ko babu sanyi. Shi ya sa sassaben zamani da manoman ƙauyen Ɗan Saga suka runguma, na barin toho ya girma a gona, ya cancanci shiga darasin labarin ƙasa a makarantun jihar Maraɗi, a babi ɗaya da Ruwenzori.