Wasannin Nintendo da Suka Kwana a Gidan Wasu

Mutane da yawa sun ɗauka cewa Mario bai taɓa fita daga na'urorin Nintendo ba, amma tarihi bai goyi bayan hakan ba. Bayan Donkey Kong, wasan da Mario ke ciki, ya yi kasuwa a gidajen wasa a 1981, kamfanin ya raba lasisinsa: Coleco ya samu na na'urorin talabijin, Atari kuma na kwamfutocin gida. A 1983 Coleco ya nuna wasan a kan kwamfutarsa Adam, Atari ya fusata, kuma wannan rigima na cikin abubuwan da suka lalata cinikin da zai ba Atari damar sayar da Famicom, na'urar Nintendo, a Amurka.

A Japan kuwa, Hudson Soft ya fitar da Mario Bros. Special da Punch Ball Mario Bros. a 1984 don kwamfutoci irin su NEC PC-8801 da Sharp X1. Za a iya cewa waɗannan kwafe ne marasa kyau, motsinsu ba santsi, launukansu kaɗan. Gaskiya ne na'urorin ba su kai na gidajen wasa ƙarfi ba. Sai dai raunin ne ya tilasta wa masu shirya su su ƙirƙiro sababbin dokoki da matakai, har Donkey Kong 3 na Hudson ya cire tsalle gaba ɗaya ya koma harbi zalla. Ni a ganina waɗannan ayyuka ne masu zaman kansu, kuma da yake faifai da kaset ɗin da ke ɗauke da su suna lalacewa, adana su ya zama wajibi.