Gajimaren da Ya Rikiɗe: New York, Maris 1888

Ranar Asabar, 10 ga Maris, 1888, gari ya yi ɗumi a birnin New York, har jama'a suka ɗauka hunturu ya yi bankwana. Masu hasashen yanayi, waɗanda a wancan zamani suke ƙarƙashin rundunar sojan Amurka, ba su hango komai ba sai gajimare da ɗan ruwa. Ruwan kuwa ya sauka ranar Lahadi, amma cikin dare ya rikiɗe ya zama dusar ƙanƙara mai tafe da iska. Kafin ta lafa ranar 14 ga wata, tudunta ya haura rabin mita a birnin, jiragen ƙasa sun tsaya cik, wayoyin tangaraho sun tsintsinke. Mutum sama da 400 suka rasu a gabashin ƙasar, kusan rabinsu a New York.

Ina aka kuskure? Tashoshin awo a tudu suke, guguwar kuwa a kan Tekun Atlantika ta yi ƙarfi, inda babu mai aiko da rahoto.

Bayan haka birnin ya shiga binne wayoyinsa. Bala'in ya kuma ƙarfafa hujjar masu neman jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe a 1904.