Daga Raunin Soja Zuwa Teburin Bincike: Tarihin Fosfolifes C

A Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojan da harsashi ya same shi a gonakin Faransa bai gama da mutuwa ba don ya tsira daga harbin. Ƙasar gonakin ta sha taki, kuma a cikinta akwai wata bakteriya, Clostridium perfringens, wadda William Welch ya bayyana a Baltimore tun 1892. Da zarar ta shiga rauni mai zurfi inda iska ba ta kai wa, sai naman ya kumbura, ya yi baƙi, iskar gas ta taru a ƙarƙashin fata. Sau da yawa likita ba shi da dabarar da ta wuce yanke ƙafa.

An san dafi take fitarwa. Yadda dafin ke ɓarna ne ya ɗauki shekaru. A 1939 Nagler ya lura cewa dafin yana gurɓata ruwan jinin mutum, ya zama fari-fari. A 1941, ana tsakiyar wani yaƙin, Marjorie Macfarlane da Knight na Cibiyar Lister a Ingila suka nuna cewa dafin enzayim ne: yana kama lesitin, wani kitse da ke cikin tantanin ƙwayoyin halittar jiki, ya raba kan kitsen da gangar jikinsa. Shi ne dafin bakteriya na farko da aka tabbatar enzayim ne, kuma shi ake kira fosfolifes C a yau.

Ɗakunan gwaji na asibiti ne suka fara cin moriyarsa. Gwaiduwar ƙwai cike take da lesitin, don haka ake dama ta cikin abincin renon ƙwayoyin cuta a faranti. A shafa makarin dafin a rabi ɗaya, a ja layin bakteriyar ya ratsa duka biyun. Washegari sai a ga farin hazo ya kewaye layin a rabin da babu makari, ɗayan kuwa tas.

Amma inda abin ya fi armashi, a ganina, shi ne lokacin da masana suka gane cewa irin waɗannan enzayim ba su iya kutsawa cikin ƙwayar halitta mai rai. Abin da ke fuskar waje kaɗai suke taɓawa. A 1973 masu bincike a Utrecht ta Holand suka zuba wa jajayen ƙwayoyin jini wani ɗan'uwan fosfolifes C daga bakteriyar Staphylococcus aureus, haɗe da wani enzayim daga dafin maciji, suka auna kitsen da ya narke da wanda ya rage. Ashe fuskokin tantanin biyu ba iri ɗaya ba ne: wasu kitsen sun fi yawa a waje, wani kitsen kuwa mai suna fosfatidilserin yana ɓoye a ciki.

Sai kuma abin da ba a yi tsammani ba. A 1976 Ikezawa a Japan, da kuma Low da Finean a Birmingham a 1977, suka ga wani nau'in fosfolifes C, wanda kitse ɗaya tak yake yankawa, yana sa wani furotin ya faɗo daga jikin tantani lafiya lau, bai ko ƙwarzane ba. Me ya haɗa yanka kitse da faɗuwar furotin? Sai dai idan furotin ɗin ɗaure yake a jikin kitsen, kamar akuya a turke. Mutane da yawa ba su ɗauki maganar da muhimmanci ba a lokacin.

Ƙwayar cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa ce ta raba gardama, wato dangin masu haddasa ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu. Jikinta lulluɓe yake da furotin iri ɗaya wajen miliyan 10, ga shi nan birjik ga mai bincike. A 1985 Michael Ferguson da George Cross a Jami'ar Rockefeller, tare da Low, suka nuna cewa da kitse aka ɗaure shi, a 1988 kuma Ferguson da abokan aikinsa suka fitar da cikakken fasalin wannan maɗauri da ake kira GPI. A 1987 ɗakin binciken Stanley Prusiner ya gano furotin firayon, mai alaƙa da cutar haukan shanu, shi ma haka aka ɗaure shi.

Yau kamfanoni ke sayar da wancan fosfolifes C mai yanka kitse ɗaya tak a ƙananan kwalabe, yawanci wanda aka samo daga Bacillus cereus ko Bacillus thuringiensis. Mai son sanin ko furotin nasa na da maɗaurin GPI sai ya ɗiga wa ƙwayoyin, ya jira, ya juya su a inji, sannan ya duba ko furotin ya koma cikin ruwan sama.