Gidan Zoo na Audu Baƙo, Kano

Gidan Zoo na Audu Baƙo wurin ajiye namun daji ne a birnin Kano, a bakin titin da ya ci sunansa, wato Zoo Road. An kafa shi a farkon shekarun 1970, zamanin Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Baƙo, gwamnan farko na Jihar Kano, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975.

Kafin zuwan gidan zoo, wanda ba maharbi ba yakan ga naman daji ne a hannun gardawa. Sukan shigo gari ranar kasuwa da kura a ɗaure da sarƙa, an sa mata takunkumi, ga biri sanye da 'yar riga, ana kiɗa ana sayar da magani. Gidan zoo ya mayar da wannan kallo hannun hukuma: keji, tikiti, likitan dabbobi, da ma'aikata masu albashi.

Gwamnatin da ta gina kejin ita ce kuma ta gina madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974. Tiga, da madatsar Challawa da ta biyo baya a 1992, sun rage ruwan da ke malala a fadamun Haɗeja zuwa Nguru, inda kifi da tsuntsaye ke hayayyafa. Duk da haka tsuntsayen Turai ba su daina sauka Baturiya, cikin waɗannan fadamu, da hunturu ba.

Gina keji ba shi ne wahala ba, ciyarwa ce. Misali mafi bayyana a duniya shi ne panda, dabbar nan mai fari da baƙi ta ƙasar Sin, wadda kusan ba ta cin komai sai gora. A 1972 Sin ta ba Amurka guda biyu kyauta, aka kai su gidan zoo na Washington. Daga 1984 ta koma ba da aro, kuma kuɗin aron biyu kan kai dala miliyan ɗaya a shekara, ko sun haihu ma 'ya'yan na Sin ne. A 2024 wani gidan zoo a Finland ya mayar da nasa saboda tsada. Gidan Kano bai taɓa ɗaukar irin wannan nauyi ba, amma zaki ma ba ya cin ciyawa, kuma babban cinikin ƙofa sai da hutun Salla, lokacin da yara ke cika wurin da sababbin kaya.

Shekarar 2019 ta sa sunan gidan a bakin duniya sau biyu. A watan Yuni kuɗin tikitin Salla, naira miliyan 6.8, suka ɓace, aka baza cewa goggon biri ne ya haɗiye su. Gwamna Abdullahi Ganduje ya ce babu ma goggon biri a gidan. A watan Oktoba kuma zaki ya kuɓuce, daga baya aka same shi a kejin awaki, ya yi musu ɓarna.

Gwamnatin Ganduje ta yi batun mayar da gidan zuwa Tiga, saboda gari ya kewaye shi. Ta sauka a 2023 gidan yana nan inda yake.