Dala Bakwai Cikin Dubu

Ran 24 ga watan Oktoba na 1970, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta cika shekara 25 da kafuwa, babban taronta ya zartar da ƙuduri mai lamba 2626, wanda ya tsara yadda za a raya ƙasashe masu tasowa cikin shekara goma masu zuwa. Ƙudurin dogo ne, yawancinsa kuwa an daɗe da mantawa da shi. Amma akwai magana ɗaya a ciki wadda har yau ake kafa hujja da ita, cewa kowace ƙasa mai arziki za ta yi iyakar ƙoƙarinta, kafin tsakiyar shekarun 1970, ta riƙa ba da kashi 0.7 cikin ɗari na dukiyar da take samu a shekara don taimakon raya ƙasa. Watau cikin kowace dala dubu a ware dala bakwai.

Ba 'yan siyasa ne suka fara kawo wannan shawara ba. A cikin 1958 Majalisar Majami'u ta Duniya ta nemi ƙasashe masu wadata su riƙa ba da kashi ɗaya cikin ɗari. Taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan ciniki da raya ƙasa ya karɓi wannan adadi a 1964, sai dai an haɗa har da jarin 'yan kasuwa da bashin bankuna a cikin lissafin. Nan gizo ke saƙar, domin kuwa babu gwamnatin da za ta iya tilasta wa attajirinta ya kai jarinsa inda ba ya hangen riba. Saboda haka Raul Prebisch na Ajantina, wanda ke jagorancin taron, ya nemi a keɓe rabon da zai fito daga baitulmalin gwamnati kaɗai.

To, yaya aka yi aka tsaya a kan wannan adadi? Masana tattalin arziki na wancan zamani, irin su Jan Tinbergen na Holan, sun ɗauka cewa babban abin da ya hana matalautan ƙasashe ci gaba shi ne rashin jari. Sai su ƙiyasta jarin da ake bukata don arzikin ƙasa ya ƙaru yadda ake so, su cire abin da jama'arta ke iya tarawa, giɓin da ya rage kuwa su ce shi ne za a cike daga waje. Lissafin Tinbergen ya ba da kashi 0.75. Sa'an nan shugaban Bankin Duniya, Robert McNamara, ya roƙi tsohon Firayim Ministan Kanada, Lester Pearson, ya shugabanci wani kwamitin bincike, shi kuma a rahotonsa na 1969 ya ba da shawarar kashi 0.7, a cika shi kafin 1975, in ya yi nisa 1980.

Wannan lissafi bai daɗe ba masana suka dawo daga rakiyarsa, da suka ga ƙasashe da dama sun karɓi jari mai yawa amma ba su motsa ba. Salon taimakon ma ya yi ta canzawa: daga madatsun ruwa da masana'antu aka koma kan biyan bukatun talaka a shekarun 1970, daga nan sai sharuɗɗan tsuke bakin aljihu a shekarun 1980, sai yafe bashi daga 1996. Adadin dai bai gusa ba. Ya tashi daga hujjar masana ya zama mudun da ake auna cika alkawari da shi, kuma watakila wannan ne amfaninsa na gaskiya, don yana da sauƙin tunawa, yana da wuyar musu.

Waɗanda suka cika mudun ba su da yawa. Suwidin da Holan ne suka fara a tsakiyar shekarun 1970, Norwe ta bi a 1976, Denmak a 1978. Amurka tun farko ta ce ba ta yarda a ɗaure ta da wani adadi ko wa'adi ba. Ta daɗe tana ba da kuɗi fiye da kowa in an ƙirga dala, amma rabonta a shekarun baya bai wuce wajen dala biyu cikin dubu ba. An sabunta alkawarin a taron Monterrey na ƙasar Meksiko a 2002, kuma a 2005 ƙasashen Tarayyar Turai suka sa wa kansu wa'adin 2015. Wa'adin ya zo ya wuce.

Labarin Biritaniya ya fi kowane ban mamaki. Ta cika adadin a 2013, shekara 43 bayan ƙudurin, ta kuma mayar da shi doka a 2015. Daga 2021 ta sauko zuwa kashi 0.5 bisa dalilin ɓarnar da annobar korona ta yi wa tattalin arzikinta. A 2022 da 2023 fiye da rubu'in kuɗin ma bai bar ƙasar ba, an kashe shi ne wajen saukar masu neman mafaka, abin da ƙa'idar lissafin ta halatta. A watan Fabrairu na 2025 Firayim Minista Keir Starmer ya ba da sanarwar za a rage shi zuwa kashi 0.3 kafin 2027 don a ƙara wa tsaro kuɗi, har ministar raya ƙasashen waje, Anneliese Dodds, ta yi murabus a kan haka.

Cikin shekarar 2025 ne kuma gwamnatin Shugaba Trump ta rufe hukumar USAID, wadda Shugaba Kennedy ya kafa a 1961, ta mayar da ɗan abin da ya rage na aikinta ƙarƙashin ma'aikatar harkokin waje. Ba a jima ba aka ji a jika: a tsakiyar shekarar Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin cewa kuɗin ciyar da waɗanda rikici ya raba da gidajensu a arewa maso gabashin Nijeriya yana gab da ƙarewa.

A 2024 jimlar taimakon da ƙasashe masu arziki suka bayar ta kai wajen dala miliyan dubu 212, watau kashi 0.33, ƙasa da rabin abin da aka ɗauki alkawari. Ƙasashe huɗu ne kawai suka cika dala bakwai ɗin: Norwe, Luksambur, Suwidin da Denmak. Akwai kuma wani kuɗi da Tinbergen da Pearson ba su sa a lissafi ba, wanda babu ƙudurin da ya wajabta shi. Bisa ƙiyasin Bankin Duniya, abin da 'yan ci-rani da sauran mazauna waje suka aika wa danginsu a ƙasashe masu tasowa a 2023 ya haura dala miliyan dubu 600, kusan ninki uku na taimakon gwamnatocin gaba ɗaya.