Motar da Ta Ƙetare Kogi Sau Uku: Tarihin Fim ɗin Cocorico Monsieur Poulet

Duk wanda ya taɓa shiga motar Maraɗi zuwa Dakoro ana jajibirin Salla ya san tafiya ba ta rabuwa da ban dariya: taya ta fashe, karen mota ya shige ƙarƙashi, fasinja su sauko a tura. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, tun 1974 aka yi fim a ƙasarmu Nijar kan irin wannan wahala, sunansa Cocorico Monsieur Poulet. Tarihinsa nake so in kawo a nan.

Mutum uku suka haɗa shi, har suka yanko farkon sunayensu suka kira kansu Dalarou: Damouré Zika, Lam Ibrahim Dia da Bafaranshe Jean Rouch. Rouch ya zo Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi, a lokacin ya haɗu da Damouré, ɗan masunta wanda daga baya ya zama ma'aikacin lafiya a Yamai. Kafin wannan fim sun yi Jaguar da Petit à petit tare.

Labarin ba shi da wuya. Lam ɗan kasuwar kaji ne. Ya tashi daga Yamai da yaronsa Tallou Mouzourane zuwa ƙauyuka sayen kaji, Damouré ya liƙe musu. Motarsu tsohuwar Citroën 2CV ce mai suna Patience, wato Haƙuri. Ba ta da takardu, don haka bin gadar Kennedy, inda 'yan sanda suke, bai taso ba. Sai kogi! Sau uku suka ƙetare da ita, har da kwance ta gunduwa-gunduwa a loda cikin jirgin ruwa. Ga kuma wata aljana da ta sa su gaba a daji.

Yadda aka yi fim ɗin ya fi burge ni. Ba rubutaccen labari suka bi ba. Rouch na riƙe da ƙaramar kyamara, 'yan wasa na faɗin abin da ya zo bakinsu, motar kuwa da gaske take lalacewa. In ta tsaya, ba a ce aiki ya ɓaci ba, sai a ɗauki gyaran ya shiga labari. A Amurka sai 1987 John Hughes ya fito da nasa fim ɗin matafiya, Planes, Trains and Automobiles, da kuɗi masu yawa. Namu haƙuri ne jarinsu.

Don haka ni ina kallonsa a matsayin takardar tarihi. Littafin makaranta zai gaya maka sunan shugaba da shekarar da aka gina gada, amma ba zai nuna maka yadda talaka marar takarda yake kewaye gadar don neman abinci ba. Wannan fim ya adana shi.

Rouch ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, Damouré ya bi shi a 2009. To, yanzu saura mu. In ba mu nemo fim ɗin mun haska wa ƙannenmu a Dakoro ba, muna fassara musu Faransancin da Hausa, wa zai yi?