Ruwan Gishiri da Sukari: Tarihin Binciken Kwalara da Bangon Hanji

Ruwan gishiri da sukari magani ne da ake shayar da mai gudawa don mayar masa da ruwan da jikinsa ya zubar. Sauƙin haɗa shi kan sa a ɗauka dabarar tsofaffi ce, alhali sai da aka shafe fiye da shekara ɗari ana binciken cutar kwalara da ƙwayoyin halittar bangon hanji kafin a kai gare shi.

A 1854 Filippo Pacini, likita a Italiya, ya ga ƙwayar cutar a hanjin waɗanda kwalara ta kashe, amma ba a kula shi ba. A shekarar ce kuma John Snow ya danganta annobar Landan da ruwan wani famfo. Bajamushe Robert Koch ya bi cutar zuwa Masar a 1883, sannan ya ware ƙwayar a Kalkata a 1884. Mai laifi ya bayyana ke nan, saura yadda yake ɓarnar. Mai kwalara na iya zubar da lita guda cikin awa ɗaya, zawon fari tas kamar ruwan wankin shinkafa, amma idan aka duba hanjin sai a tarar bangonsa bai ɗaye ba. Yadda ruwan ke zuba haka ya daɗe yana ɗaure wa likitoci kai.

Wanda ya warware ƙullin Ba'indiye ne, Sambhu Nath De, a Kalkata. Yakan ɗaure wani yanki na ƙaramin hanjin zomo ta gefe biyu, ya zuba ƙwayar a ciki, sai yankin ya kumbura da ruwa. A 1959 ya tace ruwan da ƙwayoyin suka girma a ciki har babu ko ɗaya, ya zuba, hanjin ya sake kumbura. Ashe dafi ƙwayar ke fitarwa, dafin ne ke aikin. De ya rasu a 1985 ba tare da duniya ta ba shi girman da ya cancanta ba, kuma wannan rashin adalci ne a fili.

A 1969 Richard Finkelstein da abokin aikinsa suka tace dafin tsantsa, daga nan aka gane tafiyarsa. Ɓangare biyar nasa suna kama fatar ƙwayar halittar hanji, na shida ya kutsa ciki ya kunna wani saƙo da ya kamata ya kunnu ya mutu, sai ya bar shi a kunne. Ƙofofin kuloraid su buɗe, gishiri ya kwarara cikin hanji, ruwa ya bi shi. Ƙwayar halittar ba ta mutu ba, an dai maƙale mata famfo ne a buɗe.

Ta wani gefen kuma, a 1960 a birnin Prag, Ba'amurke Robert Crane ya bayyana cewa bangon hanji yana da wata ƙofa da sodiyam na gishiri da gulukos na sukari ke shiga tare, ɗaya ba ya wucewa sai da ɗayan, ruwa kuma ya biyo bayansu. Crane ba maganin kwalara yake nema ba. Amma da aka gano dafin bai taɓa wannan ƙofa ba, hanya ta buɗe: a ba hanji gishiri tare da sukari, zai tsotsi ruwa ko ana tsakiyar zawo.

Gwajin farko bai zo da daɗi ba. A Manila, farkon shekarun 1960, haɗin da ayarin Robert Phillips ya gwada ya yi ƙarfi da yawa, wasu majinyata suka mutu. Sai a 1968, a Daka, David Nalin da Richard Cash suka nuna cewa haɗin da aka auna daidai yana rage buƙatar ƙarin ruwa ta jijiya da kusan kashi 80 cikin ɗari.

Babbar jarrabawa ta zo a 1971, lokacin yaƙin 'yancin Bangladesh. Kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon, ruwan ƙari ya ƙare. Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa haɗa maganin a manyan durom-durom, dangi suna shayar da majinyatansu da kofi. Mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa 3.6. A 1978 mujallar Lancet ta ce mai yiwuwa gano ƙofar sodiyam da gulukos shi ne ci gaban likitanci mafi muhimmanci a ƙarnin. Daga 1980 ma'aikatan ƙungiyar BRAC suka bi gida-gida a Bangladesh suna koya wa iyaye mata awon: gishirin da yatsu uku suka ɗauko, cikin hannu na mazarƙwaila, rabin lita na ruwa.

Kwalarar wannan zamani, wadda ta taso daga Indonesiya a 1961, ta iso Afirka ta Yamma a 1970, kuma har yau takan tashi da damina a ƙasar Hausa, inda ake ce mata amai da gudawa. Furotin ɗin ƙofar da Crane ya siffanta, sai a 1987 ɗakin binciken Ernest Wright ya gano ƙwayar gadonsa, bayan maganin ya riga ya karaɗe duniya. A 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka rage gishiri da sukarin da ke cikin ƙunshin maganin, a 2004 kuma suka ƙara shawarar a haɗa wa yara da ƙwayar zinc.